Shekarar da Na Sauya Tiyon Jirgin Injiniya

Kun sha ji a gari, kuma na san har cikin gidan nan an faɗa muku ƙasa-ƙasa, cewa Sale ya wulaƙanta ni ranar auren 'yarsa Hadiza, ya tsallake ni ya ba mai hannu da shuni waliyyanci. Ke Rabi har kika daina shiga gidansu a kan wannan magana, a ganinki kina taya ubanki faɗa. To ku natsu ku ji daga bakina. Sale ya riga mu gidan gaskiya, Hadiza ta cika ɗakinta da 'ya'ya, babu wanda maganar za ta cutar yanzu. Ni ma na gaji da riƙe ta.

Ni da Sale tare aka yi mana kaciya, tare muka yi kiwon awaki, gonar rakensa tana jikin tawa a fadamar da ke hanyar Makarfi. Shi ne babban abokina ranar da na auri innarku. Tun muna samari ba mu taɓa cin tuwon dare daban ba. Da an sallame magariba za a fito da kwanon gidansa da na gidana a ƙofar zaurena, mu fara da wanda miyarsa ta fi ƙamshi, mu zagi ɗayan. Ranar kasuwar Hunkuyi kuwa shi ke goya ni a mashin ɗinsa ya kai ni rumfata, inda nake sayar da tiyo da kayan injin ban ruwa, yana tuƙi yana surutu, ina dukan bayansa ina cewa ya dubi hanya. Ranar da aka haife ki, Rabi, shi ya fara cewa wannan shi zai aurar da ita. Haka kuwa aka yi. Ke da Asabe da Zulai duk Sale ne ya zauna gaban liman ya ce ya bayar. Shi kuma maza Allah ya yi ta ba shi, sai can da girma ya fara kama mu aka haifi Hadiza. Ni na yi mata huɗuba a kunne. Tun daga ranar nake jiran tawa ranar, kuma duk garin nan babu wanda bai san ni ne waliyyin Hadiza ba. Da ta gama karatun jinya a Zariya ta kawo wani malamin makaranta ɗan Paki ta ce shi take so, aka sa rana bayan kaka. Ban jira komai ba na kai shadda wurin tela na ce ya yi mini babbar riga, aiki har ƙasa.

A shekarar ne Alhaji Tanimu ya dawo gida Ikara. Injiniya ake ce masa, ya daɗe yana aiki a tashar jiragen ruwa a Kudu, ya dawo da tumbi da farin gilashi da wani abu da ba a taɓa gani ba a ƙasar nan: farin jirgin ruwa a kan tayoyi, mota na jan shi. Ba na fito ba ne, ba na su ba ne irin na masunta. Wai na shaƙatawa ne. Mutum ya kai shi dam, ya zauna a ciki da fatsa tun hantsi, in ya kama kifi ya dube shi ya yi murmushi, wani lokacin ma ya mayar da shi ruwa. Da na ji haka na ce lallai hutu ya yi wa wannan bawan Allah yawa. Ni da Sale mun yi dariyar abin har muka ƙware da tuwo.

Ban san yadda aka yi suka haɗu ba a lokacin. Ni dai na ga farar mota ta fara tsayawa a ƙofar gidan Sale da sassafe. Daga nan mashin ya daina fita, Sale ya ce wai ya ba babban ɗansa. Na koma hawa motar haya zuwa Hunkuyi, a matse ni tsakanin buhunan barkono. Sai tuwon dare ya fara zuwa ba mai shi, a aiko da kwano a ce Malam ya gaji, ya ce in ci. Kwano zan yi hira da shi? Mutane suka fara cewa Sale ya yi girman kai tun da ya samu Alhaji, yana wuce manya ba gaisuwa. Na yi ta musu ina kare shi, har ranar da ya wuce ni da kaina a bakin tasha, hannunsa cikin na Injiniya, ina ɗaga masa hannu, ko waiwaye bai yi ba. Wallahi ranar ban ci abinci ba. Ba zan ɓoye muku ba, kishi na yi, kishi mai zafi, irin wanda ke hana mutum jin ɗanɗanon goro.

"Malam, ka je ka same shi mana," in ji innarku. "Gidan nan da can har sai an yi sallama da mota?"

"Ni zan bi shi? Ya san hanyar zaurena tun ba shi da wando."

"To ka zauna kana hura hanci. Jiya a gidan suna na ji mata na cewa Alhajin Ikara ne zai ba da auren Hadiza."

Na ce mata ƙarya ne, ta tashi ta ba ni wuri. Amma da ta fita na buɗe akwati na dubi babbar rigar nan, na ji zuciyata na tafasa. Mutumin da bai san ranar da Hadiza ta yi haƙori ba! Mutumin da ko sunan uwarta bai sani ba! Don yana da jirgin da ba ya ciyar da kowa?

Ana nan, hadari ya fara haɗuwa a gabas, sai ga farar motar a gaban rumfata a Hunkuyi. Injiniya ya fito ya zagaya ya buɗe wa Sale ƙofa, kamar wani sabon ango. Yana riƙe da hannunsa yana magana da ƙarfi: "Ga Malam Isuhu can zaune da jar dara, yana ta harararmu. A'a, ga kwata nan, mu tsallaka." Na ce a raina wannan mutum ko rediyo ya haɗiya? Komai ya gani sai ya faɗa. Muka gaisa, gaisuwa mai tsawo wadda babu komai a cikinta. Na tambayi Sale iyali kamar ba katanga ɗaya ce tsakaninmu ba.

"Isuhu, tiyo muke nema," Sale ya ce. "Na jirgin Alhaji ya lalace. Na ce masa in dai tiyo ne, kai ne."

"Ashe ana tunawa da ni. Na ɗauka sai an ga kifi a jikina."

"Kai dai ba ka rabuwa da baƙar magana. Za ka zo ko ba za ka zo ba?"

Na so in ce ba zan je ba. Abin da ya kai ni shi ne ina son in ga abin da ke cikin jirgin nan da ya fi zaurena. Kuma na ƙudura a raina, a can zan tambayi Sale maganar waliyyanci a gaban Alhajin nasa, in ya so a yi wacce za a yi.

Jirgin yana tsakar gidan Injiniya a Ikara, a kan tayoyinsa, ƙarƙashin mangwaro. Ya hau da ni ya nuna mini. Inda ake tsayawa a ciki daɓe ne sumul, ƙarƙashin daɓen kuma akwai wani ciki da ba a gani sai an buɗe ɗan murfi. A kusurwa biyu ta baya akwai rami ɗaya-ɗaya. Kowane rami yana da ɗan wuya a ƙasa, tiyo ya kama wuyan ya bi ta cikin duhun nan ya fita ta gefen jirgi. Ruwan sama ko wanda ya fantsamo, ta nan yake bi ya koma dam. To tsofaffin tiyon sun bushe sun tsage, ruwa ba ya fita waje, sai ya zube a cikin da ba a gani. Injiniya ya ce fitarsu ta ƙarshe shi da Sale sai da ya ji jirgin ya yi nauyi, gindinsa ya fara nutsewa, da kyar suka kawo gaɓa.

"To ai abin da sauƙi," na ce. "Jirgi da rami? A samu totuwa da tsumma a toshe su, kowa ya huta."

Injiniya ya yi dariya har tumbinsa na rawa.

"Malam Isuhu, kai kana toshe indararon soronka da damina?"

Dariyarsa ba ta dame ni ba. Ta Sale ce ta soke ni. Yana tsaye a ƙasa ya dafa jirgin, yana ƙyaƙyatawa irin wadda da ni kaɗai yake yi wa in na zagi miyar gidansa. Na ciro tiyon da na zo da shi, shuɗin nan mai laushi da muke shimfiɗawa a gonar tumatir. Injiniya ya lanƙwasa shi a hannu, ya nuna mini yadda ya karye a gwiwa ya toshe kansa. Ya ce sai mai zobe-zobe, irin wanda inji ke zuƙo ruwa da shi daga rijiya. Na ciro robar tif ɗin taya da muke ɗaure tiyo da ita tun kakanni ba su san inji ba, ya ce a'a, zoben ƙarfe za a sa, bibbiyu a kowane baki, irin wanda ba ya tsatsa. Abu uku na kawo, uku ya kushe, kuma abin haushin duk yana da gaskiya. Na koma gida ina cizon yatsa, na ce wa innarku ba zan sake taka gidan ba. Da aka kwana biyu na ɗauki tiyo mai zobe na koma.

Sai a ranar na gane dalilin da ya sa ba su yi aikin da kansu ba. Murfin nan ƙarami ne, hannun Injiniya ba ya wuce gwiwa a ciki. Nawa kuwa kun san shi, dogo ne siriri kamar karan dawa. Na kwanta rub da ciki a kan daɓe, kumatuna a manne da ƙasa, na zura hannu har kafaɗa ina lalube. Tsohon tiyon ya kama wuyan ya ƙi saki, sai da na tsaga shi da wuƙa. Da na jawo shi waje, ƙasar gidan zanzaro ce ta zubo daga ciki, da busasshen ƙadangare. Muka gwada sabon da tsohon muka yanka. Injiniya ya tsoma bakinsa a ruwan zafi har ya yi laushi, ya goga masa sabulu, ya zura zobban tun kafin a sa, ya miƙo mini. Na tura, na murɗa, na tura, har na ji ya hau wuyan ya zauna. Ɗaure zoben da sukundireba a wurin da ido ba ya gani kuwa, sai da na fasa 'yan yatsu. Duk wannan wahala ina jin su a kaina suna hirarsu. Wata tarwaɗa da ta tsinke musu fatsa, wani mai shayi a hanyar Zariya da ke cika sukari. Hanyar Zariya? Me ya kai masu kamun kifi Zariya? Ina kwance kamar jaki a ƙarƙashin kaya, su suna da labaran da ban sani ba.

Da aka gama na dama, Injiniya ya ba ni ƙullin bula irin ta wanki. Ya ce in an zo gwaji a jiƙa ta a ruwa a zuba a kan daɓe, don in akwai yoyo a ciki a bambanta shi da tsohon ruwan da ya kwanta. Na jefa ta a aljihu. Ya shiga cikin gida ya sake ɗoro ruwan zafi saboda na hagu. Aka bar ni da Sale, karo na farko tun kafin azumi. Na rasa ta inda zan fara maganar da ta kawo ni. Don in samu abin yi, na ɗauki buta na tuttula ruwa a ramin.

"Duba gefen nan," na ce masa ba tare da na kalle shi ba. "Yana fita?"

"Yana fita," ya ce. "Ga shi nan, shuɗi sosai. Aikinka ya yi kyau."

Na tsaya da buta a hannu. Na taɓa aljihuna, ƙullin bula na nan ban kwance ba. Ruwan da ke zuba a ƙasa fari ne tas. Na leƙo ta saman jirgin na dube shi. Fuskarsa na wajen da ƙarar ruwan take, amma idanunsa sun wuce wurin, suna kan katanga. Na sauko a hankali, na tsaya ta gefensa, na ɗaga hannu daidai kunnensa na kaɗa. Ko ƙiftawa bai yi ba. Nan take komai ya dawo mini: mashin ɗin da aka ba ɗa, tuwon magariba, bakin tasha, da rediyon nan da Injiniya ya haɗiya.

"Sale, tun yaushe?"

Ya sauke hannu daga jikin jirgin. Sannan ya lalubi tayar jirgin ya zauna a kai.

"Ba ka sa bular ba ke nan," ya ce. "Ja'iri."

Ya ce hawan jinin ido ne, irin wanda ya makantar da mahaifinsa. Ta gefe ya fara cinyewa, yanzu abin da ya rage ɗan haske ne a tsakiya kamar ta kafar allura, da magariba kuwa babu komai. Injiniya ne ya gane da kansa ranar da suka fara haɗuwa a wurin wata ta'aziyya, don mahaifiyarsa ta yi irin ciwon. Rabin fitar da suke yi da sunan dam, asibitin ido suke zuwa a Zariya. Daga matarsa sai Hadiza suka sani. Abin da yake tsoro dangin angon ne. In suka ji uba ya makance, kaka ma ya makance, za a ce abin a jini yake, tsofaffin matan Paki su zuga yaron ya janye. So yake a ɗaura auren nan yana tsaye da ƙafafunsa kamar kowa, bayan nan duniya ta sani.

Kuna tsammanin tausayi ne ya fara zo mini? Ina fa! Wani sabon kishi ne ya taso ya danne na farkon. Da ina kishin jirgi da mota da hira. Yanzu na ji ashe abu mafi nauyi a rayuwar Sale, baƙo ne ya ɗauka tare da shi, ni ina zaure ina zagin kwano.

"Ka rasa wanda za ka gaya wa sai bare? Ni mene ne? Maƙwabci?"

"Kai fuskarka ba ta da ƙofa, Isuhu. Da na gaya maka da safe, kafin la'asar Hunkuyi ta karanta a goshinka. Ka zo ka riƙe ni kana sharar hawaye a tsakiyar kasuwa. Shi ba ya jin ciwon kamar kai, shi ya sa ya iya."

"To waliyyancin fa? Shi ma don ba ya jin ciwo ka ba shi?"

"Wane waliyyanci? Kai, amma ka cika sakarai. Wa ya yi mata huɗuba? Naka ne, ban taɓa ba kowa ba."

Sai na ji kamar an sauke mini buhun masara daga ka. Na yi dariya, na yi abin da ya ce zan yi, na share fuska da hannun riga mai sabulu har ya shiga mini ido. Injiniya ya fito da butar ruwan zafi ya same mu a haka. Ya dubi ruwan da ke ƙasa, ya dube ni, ya ce, "Alhamdu lillahi, na huta da ƙarya." Muka sa tiyon hagu. Wannan karon Sale ne ya zura hannu ya ɗaure zoben, ya ce aikin da ba a gani ai nasa ne, kuma ya fi ni sauri. Muka jiƙa bula muka zuba, ta fita ta gefe biyu, cikin jirgin ko ɗigo babu.

Da a nan maganar ta tsaya da na sa babbar rigata. Amma da muka fito ƙofar gida za mu shiga mota, sai ga wani tsoho a kan keke, ya rage gudu ya ɗaga hannu bai yi magana ba. Injiniya ya sunkuya ya ce, "Wani dattijo ya ɗaga maka hannu." Sale ya ɗaga nasa sama-sama. Tsohon ya girgiza kai ya wuce. Kawu Ɗanlami ne na Kurmin Kogi, ƙanin mahaifiyar Sale, wanda ya kamata Sale ya durƙusa masa har ƙasa. Na tambaye su yadda suka shirya yi ranar ɗaurin aure. Suka ce ni ina gaban liman, Injiniya kuma zai zauna kusa da Sale a inda uban amarya ke zama, duk wanda ya nufo ya raɗa masa.

"Ya raɗa masa me?" na ce. "Wani dattijo? Wani mai farar hula? Alhaji, ka san wanda matarsa ta rasu bara da za a yi wa ta'aziyya? Ka san wanda ake miƙe wa da wanda ake durƙusa wa? Ka san baffannin yaron nan na Paki?"

"Ban san su ba," ya ce. "Na daɗe ba na gida."

Babu wanda ya roƙe ni komai, ku riƙe wannan. Sale ma cewa ya yi in bar shi, Allah zai rufa asiri. Na koma gida na yi ta juya abin har aka fara yankan dawa. Mutum ɗaya ba ya zama wuri biyu. In na zauna gaban liman, na samu abin da na jira tun ranar huɗuba, amma kafin a raba goro wani zai miƙo hannu Sale ya bar shi a iska, shi ke nan magana ta tafi Paki. Kuma gaskiya ita ce, duk lokacin da na hango Injiniya gwiwa da gwiwa da Sale, bakinsa a kunnensa a gaban duk ƙasar nan, sai in ji wuta ta kama ni. In na hango shi a gaban liman ma haka. Ko ta ina na juya kishin na nan, sai dai in zaɓi wanda zan iya haɗiyewa. Har yau in kuka tambaye ni don Hadiza na yi ko don kada wani ya zauna a wurina, ba zan iya raba muku ba. Na je na ce wa Sale ya ba Alhaji waliyyanci. Ban so a jawo 'yan uwan Sale na jini ba, don idonsu zai kasance a kansa in suka zauna kusa, gara a ce ya bi mai kuɗi, wannan kowa zai yarda da shi ba tare da bincike ba.

"Za a zage ni, kai kuma a yi maka dariya," Sale ya ce.

"An daɗe ana yi. Kai dai ka koyi jin raɗa, kada ka sa in yi ta ihu."

Ranar ɗaurin aure ban sa babbar rigar ba, tsohon kaftanina na sa. Muka fito daga gida hannuna cikin nasa muna lilo da su kamar yadda muka saba tun muna yara, babu wanda ya ga wani abu. Muka zauna a kan tabarma a inuwar masallaci, na ɗora tiren goro a cinyata don in samu dalilin sunkuyawa. Jama'a suka fara zuwa. Ina cewa, "Kawu Ɗanlami, dama, durƙusa." Ya durƙusa ya ba shi haƙurin ranar nan. "Garba mai rake, ƙafarsa ta warke." Ya ce, "A'a, Garba, har ka ajiye sanda?" Da baffan ango ya nufo, babban mutum mai ido kamar na shaho, na ce, "Shi ne, zanna bukar ruwan ƙasa, hannu ya taho." Sale ya miƙe ya cafke hannun a daidai, ya ce, "Alhaji, wannan hula ai ta fi ta angon." Mutumin ya yi dariya ya wuce gaba. A bayana kuwa ina jin wasu 'yan kasuwarmu, ba su ko rage murya ba: "Allah sarki Isuhu. Ya gama jira, an bar shi da tiren goro." Ni da kuka sani, ni da ba a taka ni in kwana, na haɗiye ban waiwaya ba, don a lokacin wani na tahowa ta hagu.

Sai aka yi tsit. Wakilin ango ya nemi aure sau uku ta lasifika. Na san kalmomin da ke biye, na sha maimaita su ni kaɗai a gona har rake ya haddace. Muryar Injiniya ta fito, a natse, ta cika filin: "Mun ba ku auren 'yarmu Hadiza." Na sunkuya a kan tiren goro. Sale ya matse hannuna har sai da ƙashi ya yi ƙara. Aka shafa fatiha.

"Yaya ka gan shi?" ya raɗa mini. "Ya yi fasali a wurin?"

"Ina fa. Rawar jiki yake ta yi, har in'ina ya yi."

"Ƙarya kake yi," Sale ya ce. "Ido na rasa, ba kunne ba."

Rigar tana nan a ƙasan akwati da karin tela a jikinta, kada wanda ya taɓa ta sai bayan raina. Ke kuma Rabi, gobe ki shirya ki je ki gaishe da uwar Hadiza, ki ba ta haƙuri. Alhaji Tanimu ma in kun haɗu da shi ku durƙusa, ya yi wa Sale abin da ban iya ba. Amma kada ku ce in so muryarsa. Da kyau ya faɗi kalmomin nan, ja'irin, ko harafi bai ci ba, kuma nawa ne.